Cip ɗin zuwa sama da cip ɗin Zongo Lane: amsa ga ƙanina na Tek (jami'ar KNUST ta Kumasi)

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka yi haƙuri da jinkiri, sati biyu ina Tema kan wani aiki, in na dawo Nima da daddare ba abin da nake iyawa sai barci. In na fahimce ka abu uku ka haɗa a kwano ɗaya. Ka ga an ce motar NASA da ke yawo a Mars furosesa mai 200 MHz ke tuƙa ta alhali wayar hannunka ta ninka wannan fiye da sau goma, shi ne kake tambaya ko rowa ce, sannan ka ji ana ta maganar sababbin cip na RISC-V (wani yaren umarnin furosesa) da aka yi don zuwa sama, sai kuma wanda ina ga shi ne ainihin abin da ya hana ka barci, bod ɗin projek ɗinku na shekarar ƙarshe wanda kuke kwaikwayon kwamfutar ƙaramin satalayit da shi yana ta kashe kansa yana tashi, wani a cikinku ya ce wai rediyeshan ne, ku nemi cip mai jure rediyeshan.

Bari in fara da na ƙarshen don hankalinka ya kwanta. Ba rediyeshan ba ne. Kana Kumasi, iskar duniya gaba ɗaya na bisa kanka tana tare maka, kuma mu nan kusa muke da tsakiyar duniya inda maganaɗisun ƙasa ya fi ko'ina korar ƙwayoyin da ke faɗowa daga sama, mutumin Landan ko Toronto ya fi mu shan su. Ƙaramin bod mai memori ɗan kaɗan a kan tebur a Ayeduase zai iya shekara da shekaru ba ƙwaya ɗaya da ta taɓa shi ta inda zai ji. In yana mutuwa sau uku a yini, a ƙasa ɓarawon yake.

Ni ma an taɓa yi min. Shekarun baya wani mai tifa-tifa da ke ɗaukar yashi ta wajen Kasoa ya ba mu aikin sa musu na'urar bin sawu, a ofis komai lafiya lau, da an ɗaura a mota sai ta riƙa mantuwa tana tashi daga farko, wata ma ta sandare sai an cire mata waya an mayar. Sati biyu cur ina zargin softwaya, na karanta kod ɗin nan har na kusa haddace shi. Ranar da na gaji na ɗauki osiloskop, na'urar da ke nuna motsin wuta a allo, na bi su gareji da asuba, na tsuguna gefen batir na ce ma direba massa tayar, yana murɗa makulli na ga layin wuta na volt 3.3 ɗin nan ya nutse ƙasa kamar an taka shi, ɗan ƙiftawar ido, ya dawo. Shikenan. Regileta ɗin da muka saya da araha rubutun jikinsa kawai ne na asali, da na goga shi da tina rubutun ya fita tas. Muka canza shi, muka ƙara kapasita da dayod mai shanye tsallen wuta, muka kunna abin nan na cikin cip ɗin da ke riƙe shi in wuta ta yi ƙasa har sai ta daidaita, magana ta mutu. Direban har yau in ya gan ni sai ya ce injiniya mai talabijin.

Toh yanzu mu hau sama. Abin da ake ce ma rediyeshan a can ƙananan ƙwayoyi ne masu mugun gudu. Akwai furoton da ilektiron da maganaɗisun duniya ya kama ya tara a ɗamaru biyu da suka zagaye ta, su ne ɗamarun Van Allen da aka gano a 1958, akwai waɗanda rana ke fesowa in ta yi bore, akwai kuma manyan, irin ƙwayar ƙarfe, da ke zuwa daga can nesa wajen gidan rana baki ɗaya, waɗannan ko ka lulluɓe akwatinka da alminiyam mai kauri wucewa suke kamar ba komai. Ɓarnar da suke wa cip ba iri ɗaya ba ce, kuma wanda bai raba su ba shi ne ake sayar wa maganin ciwon da ba shi yake damunsa ba.

Akwai ta sannu a hankali. Duk ƙwayar da ta ratsa tana barin ɗan caji maƙale a rufin transista, yau kaɗan gobe kaɗan, kamar yadda iskar teku ke cin kwanon rufi a Chorkor, ba ranar da za ka ce yau ne ya lalace amma wata rana ruwa zai zubo maka a gado. Transista ya fara yoyo, cip ya fara shan wuta fiye da da, daga baya ya daina jin magana. Ana auna wannan da rad. Mutum in ya sha rad 400 zuwa 500 a jikinsa lokaci guda kuma ba magani, rabin masu irin wannan ba sa tashi. RAD750, furosesan nan na cikin motar Mars, an yi shi ya ɗauki rad 200,000 zuwa sama. Cip ɗin kasuwa kuwa sa'a ce, wani ya sare a dubu biyar wani ya wuce dubu talatin, kuma abin haushin shi ne lamba ɗaya kamfani ɗaya amma na wannan buhun daban da na wancan.

Akwai ta farat ɗaya, ƙwaya guda ta faɗo daidai kan ɗakin memori ta juya 0 ya koma 1. Cip bai lalace ba, ƙarya kawai ya fara yi, kuma shi kansa bai san yana yi ba. A 2003 a zaɓen Beljiyam, a Schaerbeek, wata 'yar takara ta tashi da ƙarin ƙuri'a 4,096 da ba wanda ya kaɗa mata, kai da ka yi lissafin bainari ka san wannan lambar, 2 ce guda 12 aka ninka da juna cif, bit ɗaya ne ya juya, kuma masu binciken ba su sami wani bayani da ya fi wannan ba. Ka yi tunanin abin ya faru a Asawase ranar zaɓe, wa zai tsaya ya saurari labarin ƙwaya daga sama. A ƙarshen Nuwamban 2025 ma Airbus ta sa an taɓa jiragen dangin A320 kusan 6,000, akasari canjin softwaya, don ta ce rediyeshan mai ƙarfi daga rana na iya ɓata bayanan kwamfutar da ke juya jirgin. A tsayin da jirgin fasinja ke tashi ƙwayoyin sun ninka na ƙasa sau ɗaruruwa.

Sai mai kisan, wadda ni nake ce ma ƙullewa. A cikin kowane cip na CMOS, wato irin ginin yawancin cip na yau, akwai wani SCR na ɓoye, wani irin makunnin wuta, da ba wanda ya zana shi, yanayin ginin ne ya haife shi, yana kwance tsakanin layin wuta da ƙasa. Babbar ƙwaya in ta taɓa shi sai ya kunnu, kuma ka san halin SCR in ya kunnu ba ya sakewa, shot ne kai tsaye a cikin cip, wuta na ta kwarara yana zafi har ya ƙone. Maganinsa ɗaya, a yanke wutar da sauri a mayar. Riset ba ya yi, sai an yanke.

Yadda ake kare cip hanya biyu ce kuma yawanci haɗa su ake. Ko dai a canza yadda ake toya shi a masana'anta, misali a gina transistocin bisa wani siririn rufi da ya raba su da gindin silikon, SCR ɗin nan na ɓoye ma bai sami wurin zama ba, ko kuma a bar masana'antar yadda take a yi dabara a zane. Dabarar da aka fi sani ita ce a ajiye abu sau uku a sa mai duba rinjaye, kamar ka sa yara uku su ƙirga kuɗin susu, biyu suka ce 500 ɗaya ya ce 516, ka san wa ya ɓata. Memori kuma ana ƙara masa wasu bit na gadi da za su iya gyara kuskure ɗaya su gano biyu, amma wannan ba ya wadatarwa sai an sa wani yana bin memorin daga farko zuwa ƙarshe yana karantawa yana gyarawa ba dare ba rana, tilawa kenan irin ta gardi, in ka bar harda ba bita kuskure ɗaya zai tarar da ɗan'uwansa su zama biyu a aya ɗaya, daga nan gyara ya gagara. Wani lokaci kuma a sa kai biyu na furosesa, wato sassa biyu masu yin lissafi, su riƙa aiki ɗaya taku ɗaya, da sun saɓa a san akwai matsala. Duk waɗannan suna cin wuri, suna cin wuta, suna rage gudu.

Ka ga amsar tambayarka ta farko ta fara fitowa. RAD750 na BAE Systems ne, ya fito 2001, kuma asalinsa PowerPC 750 ne, wanda ke cikin kwamfutocin iMac ɗin nan masu launi na 1998. Shi ke cikin motar Mars Curiosity da ta sauka 2012, shi ke cikin Perseverance da ta sauka Fabrairun 2021, shi ke cikin madubin James Webb, shi ke cikin kumbon Juno da aka aika Jupiter a cikin akwatin taitaniyam mai kaurin kusan santimita ɗaya. Kuɗin da ake yawan ambata wa bod ɗinsa wajen dala 200,000 ne, ka buga a sidi da kanka ni ba zan iya ba. Ba gudu suke saya da wannan kuɗin ba. Abin da suke saya shi ne an san halinsa, an harbe shi da ƙwayoyi a ɗakin gwaji, ya je sama sau da yawa ya yi shekaru, duk inda yake tuntuɓe an rubuta. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga shi masu saye ba su da yawa, cip ɗin waya ana yin miliyoyi kuɗin zane ya rabu a kansu, wannan kuwa 'yan ɗaruruwa ko dubbai ne za su ɗauki nauyin duka. Sannan aikin da za a harba a 2020 tun shekaru kafin nan aka rufe maganar kayan cikinsa. Duk da haka ba su yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, biyu suke sawa. A Fabrairun 2013 memorin kwamfutar farko ta Curiosity ya sami matsala, aka koma ta biyun aka ci gaba da aiki.

Amma tare da Perseverance ɗin nan aka aika wani abu da ya rikita lissafin dattawa, ɗan helikwafta Ingenuity. RAD750 ya yi masa nauyi kuma ba zai iya duba hoton ƙasa da saurin da tashi ke buƙata ba, sai suka sa masa Snapdragon 801, furosesa irin na cikin wayar Galaxy S5 ta 2014, wadda in ka duba akwatin matattun wayoyi a Adum PZ ko Tip Toe Lane za ka iya tsinta. Linux yake gudu a kai. An ce in ya tashi sau biyar an gode Allah, ya tashi sau 72 daga Afrilun 2021 zuwa Janairun 2024, kuma abin da ya kwantar da shi fiffike ne ya karye, ba furosesa ba. Samari na son wannan labarin, a nan suke tsayawa su ce ashe duk tsadar nan damfara ce. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Snapdragon ɗin ido ne da tunani, amma riƙe jirgin a iska wasu ƙananan cip biyu na Texas Instruments ke yi, irin waɗanda aka gina don wuraren da kuskure ke kisa kamar birkin mota, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, a ƙarƙashinsu kuma akwai FPGA (cip ɗin da kai ke tsara haɗin cikinsa) mai jure rediyeshan da ke gadin kowa. Tashin ma 'yan mintoci ne, kuma gwaji ne, in ya faɗi motar ba ta rasa komai ba. Wannan tsarin, mai sauri mara amana a sama, mai amana mara sauri yana riƙe da makullin wutarsa, shi nake so ka ɗauka daga labarin.

Sababbin dangin da ka ji ana magana ƙoƙari ne na a sami saurin da amanar a cip ɗaya. Dalili kuwa a fili yake. Saƙo daga nan zuwa Mars na ɗaukar minti 3 zuwa 22 gwargwadon nisa, saukar kuma duka-duka minti bakwai ce, ba mai tuƙa ka daga ƙasa, dole na'ura ta ga dutse ta kauce da kanta. Ko a nan kusa, satalayit mai ɗaukar hoto matsalarsa ba ɗauka ba ce, saukowa da hoton ne, 'yan mintoci yake samu in ya gifta tasha. Ka ce kana son ganin yadda galamsey, haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ta mai da kogunan Pra da Offin ruwan koko, da damina yawancin hotunan gajimare ne zalla, in kwamfutar sama za ta iya dubawa ta zubar da na banza ta aiko masu amfani ka ci riba mai yawa. Hukumar sama ta Turai ta gwada wannan a 2020 da PhiSat-1, da cip ɗin Intel Movidius na kasuwa.

A Agustan 2022 NASA ta ba kamfanin Microchip kwangilar dala miliyan 50 su yi magajin su RAD750, da burin ya ninka kwamfutocin sama na yanzu aƙalla sau 100. A Yulin 2024 aka sanar da shi da sunan PIC64-HPSC. Kai takwas gare shi na RISC-V mai bit 64, zanen SiFive da ake ce ma X280, masu iya lissafin jeri irin wanda duba hoto da AI ke so, da mahaɗar Ethernet a cikin cip ɗin kansa. Abin da ya fi burge ni ba ninkin ba ne. Za ka iya haɗa kawunan bibbiyu su yi taku ɗaya lokacin sauka da ba a son kuskure, in an natsu ka raba su kowa ya kama aikinsa, in wuta ta yi ƙaranci ka kashe wasu. Kuma iri biyu suka yi, mai cikakkiyar kariya na tafiya mai nisa, da mai matsakaiciya mai sauƙin kuɗi na masu zagaye kusa da duniya. Wannan rabon ka riƙe shi don a takardun kamfanoni za ka ga RH (mai cikakkiyar kariya) da RT (mai matsakaiciya), ba abu ɗaya ba ne, na biyun sau da yawa cip ɗin kasuwa ne da aka zaɓa aka ɗan gyara aka gwada aka ba shi takarda.

Turawan Turai kuma tun tuni suka kama tasu hanyar don kada kullum sai sun nemi izinin Amurka. Nasu shi ne furosesan LEON, mai jin yaren umarnin SPARC, gidansa kamfanin Gaisler a Gothenburg ta Suwidin. GR712RC mai kai biyu a 100 MHz, GR740 mai kai huɗu a 250 MHz, sabon da suke kai kuma GR765 mai kai takwas, wanda za ka zaɓa ya tashi a LEON5 ko a NOEL-V, nasu RISC-V ɗin. Karanta haruffan LEON daga ƙarshe zuwa farko ka ga inda sunan NOEL ya fito, injiniyoyi ma suna barkwanci, nasu ne dai ba daɗi. A ƙananan cip kuma zanen kamfanin Arm na nan daram, Vorago ta Texas na da VA10820 da VA41630, Microchip na da tsani mai kyau, SAMV71 na mota, SAMV71Q21RT mai matsakaiciyar kariya, SAMRH71 mai cikakkiya, duka Cortex-M7, ka rubuta kod a mai araha ka hau da shi ba sai ka sake daga farko ba. Har ATmega128, ɗan gidan su Arduino, yana da ɗan'uwa na sama ATmegaS128.

Gyara ɗaya zan maka a nan, don na ga yadda ka rubuta kamar RISC-V ɗin ne ke jure rediyeshan. A'a. RISC-V yare ne kawai, jerin umarnin da furosesa ke ji, an fara shi a jami'ar Berkeley a 2010 kuma kowa na iya gina nasa ba tare da biyan kuɗin lasisin yaren ba. Ƙwayar sama ba ruwanta da yaren da kake ji. Juriya daga toyi da zane da gwaji take zuwa. Kuma ninki 100 ɗin nan ni ina jinsa ne kamar tallar mai maganin gargajiya a trotro, ba na ce ƙarya ba ne, amma sai an gwada akan san na ƙwarai, cip ɗin da bai yi shekaru a sama ba alkawari ne tukuna, kuma za ka ga manyan ayyuka sun ci gaba da ɗaukar tsofaffin har sai wani ya fara sa wuyansa.

Amfanin RISC-V a wurinmu daban ne, kuma a ganina shi ne babban labarin. Da, in kana son koyon kwamfutar sama sai ka koyi SPARC ko PowerPC da ba inda za ka same su a Zongo Lane, kasuwar kayan lantarki ta Accra. Yanzu yaren da ke cikin CH32V003, cip ɗin da bai fi senti 10 na dala ba in an saya da yawa, da na cikin ESP32-C3 mai WiFi da kuke wasa da shi a lab, dangi ɗaya ne da na cip ɗin NASA, kayan haɗa kod ɗaya, hanyar farautar kuskure kusan ɗaya. RP2350 na cikin Pico 2 da ya fito Agustan 2024 a dala 5 ma kai huɗu ne a ciki, biyu Cortex-M33 biyu RISC-V, ka zaɓi waɗanda za su tashi. Microchip ɗin ma ta fitar da PIC64GX mai kai huɗu na aikin ƙasa, yana ɗaukar Linux. Kamfanin ST kuma ya fito da STM32N6 mai ɗan injin AI a ciki, kyamara ta gane abu ba sai ta tura hoto intanet ba, wanda duk mai sayen bandil ɗin data a ƙasar nan ya san darajar wannan. Sai dai sabon cip sabon ciwo, na farkon RP2350 sun zo da matsalar yoyo a ƙafafun shigarwa, ƙafa ta maƙale a sama alhali ka ja ta ƙasa, kamfanin da kansa ya rubuta a takardar kurakurai. Wannan takardar kafin ka sayi kowane cip ka karanta ta, ta fi shafin farko na talla gaskiya.

Ga softwaya ma a buɗe. F Prime da ya tuƙa Ingenuity yana GitHub kyauta, cFS na NASA ma haka, RTEMS ma haka, Gaisler na ba da zanen LEON3 da NOEL-V wanda ba a sa wa kariya ba ka ɗora a FPGA, in ba ka da bod QEMU zai kwaikwaya maka a laptop.

Kuma kar ka ga kamar abin na wasu ne can. GhanaSat-1 ɗaliban All Nations ta Koforidua ne suka gina a Kyutech ta Japan, a shirin BIRDS tare da Najeriya da Mongoliya da Bangaladesh, kilo ɗaya, aka harba 3 ga Yunin 2017, aka sake shi daga tashar sama ta ISS 7 ga Yuli, ya yi ta zagaye har 2019. Cikin ayyukan da aka tsara masa akwai lura da ƙullewar nan da na faɗa maka a cip ɗin kasuwa. A tsayin kilomita 400, ƙarƙashin ɗamarun, na shekara ɗaya ko biyu, ɓarnar sannu a hankali ba ita ce abin tsoro ba, juyewar bit da ƙullewa ne, musamman in an ratsa saman kudancin Atlantika inda ɗamarar ciki ta sauko ƙasa-ƙasa, wurin da madubin Hubble ma ke dakatar da wasu na'urorinsa in zai wuce. Shi ya sa yawancin irin waɗannan ƙananan da kayan kasuwa ake yin su a kewaye su da dabara.

Don haka ko da gaske za a harba naku ba zan ce ku nemi RH ba. Kuɗin ya fi ƙarfin dipatmen, ana jira watanni, kuma na Amurka suna ƙarƙashin dokar hana fitarwa, sai an cika takardu an san wa zai yi amfani da shi da me. Duk wanda ya ce zai kawo muku ɗaya a leda da araha, ku tuna regileta na. Abin da zai sa malamanku su gyara zama shi ne ku nuna bod ɗin ya san zai faɗi kuma ya iya tashi. Ku sa kare mai gadi na waje, ɗan cip daban mai agogonsa, in babban ya daina taɓa shi ya yanke masa wuta gaba ɗaya ba riset kawai ba. Ku sa ma'aunin wuta a layin furosesa, in ta yi tsalle sama da ƙa'ida a yanke cikin 'yan milisakan. Ku ajiye kod kwafi biyu ko uku da lambar tantancewa, ɗan kod ɗin tashi ya duba kafin ya zaɓa. Muhimman lambobi a memorin FRAM, sau uku, irin na cikin MSP430FR, don ya fi filash jure wannan wahalar. Sannan ku rubuta ɗan kod mugu da zai riƙa juya bit a memori da gangan inda ya ga dama, ku bar shi kwana uku, ku ƙirga sau nawa aka gyara sau nawa aka faɗi sau nawa aka tashi, wannan teburin shi ne projek ɗin. In kuna son gwajin gaske, hukumar nukiliya da ke Kwabenya na da kobalt-60 da suke gasa kayan abinci da na asibiti da shi, irinsa ake gwada ɓarnar sannu a hankali da shi a ko'ina, malaminku ya rubuta musu ya tambaya. Amma ku sani ba zai nuna muku ƙullewa ba, wannan sai injin harba ƙwayoyi irin na iThemba a Cape Town ko na Louvain a Beljiyam.

Kafin duk wannan dai a kama ɓarawon gida. Yau da daddare ka cire cajar wayar nan da nake zargin da ita kuke ba shi wuta, ka sa batir, ka cire ɗan injin juyawa ko rile ko rediyon da ke jingine da layi ɗaya da furosesa, ka duba ko kowace ƙafar wuta na da kapasitar 100 nF ɗinta dab da ita ba can nesa ba. Cip ɗin na da rajista da ke faɗin dalilin tashinsa na ƙarshe, wuta ce ta yi ƙasa ko kare ne ya cije shi ko ƙafar riset aka taɓa, ka sa layin farko na kod ya buga ta a allo, ka rubuta abin da ta ce sau goma a jere ka turo min. Ranar Asabar ta sama ina da biki a Aboabo, zan shigo da bas ɗin VIP ta safe da osiloskop ɗina a jaka, ka kawo bod ɗin da cajar duka bayan la'asar, kuma wanda ya ce rediyeshan ne ka zo min da shi.